Saƙon da Ya Iske Ni a Tsakiyar Fadama

Rana ta farko: Badariya zuwa Argungu

Ana idar da sallar asuba na bar gidanmu da ke unguwar Badariya, gari bai gama wayewa ba. Mahaifiyarmu, Inna, ta kwana biyu ba abin da ke wuce mata maƙoshi sai ruwan kunu. A daren ne ta buɗe ido ta dubi ƙanwata Rakiya da ke jinyarta, ta ce, "Ku ɗauko mani Kulu."

Kulu ƙanwar Inna ce, mu Yafendo muke ce mata, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Kowa a gidanmu ya san alkawarin da ke tsakaninsu tun ranar da suka yi wa mahaifiyarsu sutura: duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta yi mata wanka. Saboda haka da Inna ta ambaci sunan, babu wanda ya tambaye ta dalili.

Matsalar ita ce Yafendo na aure a wata tunga can cikin fadama, gaba da Argungu. Waya ba ta shiga wurin, ga shi ƙarshen damina ne, ruwa ya cinye hanya. Ni aka zaɓa, don aikina auna gonakin shinkafa ne, kuma kamfanin da nake yi wa aiki ya ba ni wata na'ura ta jifiyes. Kaurinta kamar sandar sabulun wanki, an lulluɓe ta da roba ruwan goro, da ɗan ƙaho a ka. Ta sha faɗawa cikin laka, saniya ma ta taɓa taka ta, ko gezau ba ta yi ba. Tana nuna maka inda kake da inda ka dosa, kuma inda waya ta mutu ita tana aika gajeren saƙo ta tauraron ɗan'adam, a ba ka amsa ta dawo. Na nuna wa ƙanena Bello yadda zai riƙa amsa mini daga wayarsa, na rataye ta a wuya.

A tasha na iske motar Argungu da mutum biyu kacal. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba, duk wanda ya san ni ya san haka. Na shiga, na fito, na zagaya motar, na sake shiga.

"Malam," in ji direba, "zagayen ga da kaka yi ba shi cika mota."

Sai da rana ta fito muka tashi. A Zauro shinkafa ta nutse har wuya, kawunanta kawai ke leƙowa, manoma na tsaye a bakin titi suna kallo. Bayan Ambursa muka iske shinge. Wani jami'i ya hango abin da ke wuyana, ya ce in sauko.

"Wagga oba-oba ta? Da wa kaka magana?"

Na nuna masa katin aiki, na gaya masa inda za ni da abin da ya fito da ni. Ya juya na'urar a hannu, ya miƙo mini, ya ce Allah ya ba tsohuwa lafiya. Tafiyar kilomita hamsin da 'yan kai ce, da hantsi muka shiga Argungu.

Cikin ruwa

A bakin gulbi na karya da ƙosai da kunu a tsaye, na sami wani mai jirgi, Mamman, da ya yarda ya kai ni ya dawo da ni washegari. Jirgin katako ne mai ƙaramin inji, da gora biyu a kwance. Mamman ba mai surutu ba ne. Daga "bisimilla" da ya ce muna tashi, sai da muka yi nisa na sake jin muryarsa.

Na sha shiga fadamar nan da rani a kan babur, amma ranar ban gane ta ba. Ruwa ne iya ganinka, sai ciyawar burgu da bado da kawunan giginya jefi-jefi. Babu hayaƙin gari, babu kukan jaki, ko makiyayi ɗaya ban hango ba. Bara na adana wurin tungar a cikin na'urar, don haka kibiyarta na nuna gaba, Mamman kuma na bin hanyoyin da jirgi zai iya ratsawa. Can na ɗaga ta sama, don ba ta aika saƙo sai ta ga sarari, na rubuta wa Bello cewa mun shiga ruwa. Bayan ɗan lokaci ta yi ƙara. "Tana nan. Ta sha kunu kaɗan." Na karanta saƙon ya fi a ƙirga, don shi kaɗai ne abokin hirata.

Tunga

Da la'asar muka isa. Tungar ta zama tsibiri, bukkoki kaɗan da rumbuna a kan tudu, awaki a ɗaure. Yafendo na sheƙe gero ta hango ni. Sunan mahaifinsu aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Babana! Kai na cikin ruwan ga? Lahiya?"

"Lahiya lau, Yafendo. Inna ta ka son ganinki."

Ta ajiye faifan a hankali. Ba ta tambaye ni jikin ba. Ta ce in wanke hannu, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da ta sha busasshen kifi. Na so mu juya a ranar, Mamman ya ce ko ubansa ne ba ya ratsa ruwan nan da shi cikin duhu. Muka kwana a zauren mijinta, tsoho ne da ƙafa ta hana shi tafiya, sauro ya yi mana tarbar baƙi.

Rana ta biyu: tunga zuwa Argungu

Da sassafe muna shirin shiga jirgi Yafendo ta ce a dakata. Ta koma bayan rumbu inda wata magarya take, ta tsinko ganye cike da tafin hannu, ta ƙulle a bakin mayafinta. Da ganyen magarya ake yi wa mamaci wanka. Na kau da kai kamar ban gani ba, amma raina ya ɓaci, har na ji haushinta. Mutum na raye, yana shan kununsa, ita kuwa tana tsinkar ganye.

Ba mu yi nisa ba farfelar injin ta naɗe ciyawa, wani abu ya karye a ciki. Mamman ya kwance, ya hura, ya ɗaure, ya ja igiya har gumi ya jiƙa masa riga. Shiru. Ya ɗauki gora.

Nan fa rashin haƙurina ya sami wurin zama. Na ɗauki gora ta biyu ina tunkuɗawa, ban iya ba, jirgi sai juyawa yake. Na dubi na'ura, ta ce da wannan tafiya sai bayan magariba za mu ga Argungu. Na hau Mamman da faɗa. "Ka ƙara hannu mana! Haka za mu wuni bisa ruwa?" Na rantse cewa ko tsakar dare muka isa sai na ɗauki shatar mota. Mamman ya dube ni ya ce, "Ruwa ba a yi mai tsawa, Malam." Yafendo na zaune a tsakiyar jirgi da carbinta, ta ce, "Babana, ka bar bawan Allah shi numfasa." Ban bar shi ba.

Hantsi ya dubi ludayi na'urar ta yi ƙara a ƙirjina. Na ajiye gora, na juya musu baya, na duba. Bello ne.

"Inna ta cika ɗazun. Mu jira Yafendo ta yi wankan, ko a yi sutura? Liman na jiran maganarka."

Na yi salati a cikin zuciya, don ko leɓena ban yarda ya motsa ba. A wurinmu ba a gaya wa mutum rasuwa yana kan hanya, balle tsohuwa mai hawan jini, balle a cikin jirgin da mutum ɗaya in ya zabura kowa ya tafi. Ana bari sai an kusa gida, a sami inda za a zaunar da shi. Alkawarin nata ne, ita ya kamata a tambaya, amma ita ce kaɗai ba ni da ikon tambaya. Ga ta nan, in na miƙa hannu zan taɓa mayafinta.

Na sake duba na'urar ko lissafinta zai canja. Bai canja ba. Ko mun isa Argungu da magariba, kafin mu kai gida dare ya yi, jana'iza sai gobe ke nan. A bar Inna kwance wuni da kwana cikin wannan zafi, mutane na zaune a ƙofar gida? Ita da ta sha cewa kada a jinkirta ta ko don wa. A gefen na'urar akwai wani jan maɓalli a ƙarƙashin murfi, na neman agaji, wanda aka ce in mutum ya danna za a zo a cece shi ko ina yake. Na daɗe ina kallonsa.

Na'urar ba a rubutu da ita kamar waya. Harafi ɗai-ɗai ake zaɓa, ka matsa kibiya, ka danna, ka sake matsawa. Haka na bi su da babban yatsa: "A yi mata sutura. Rakiya ta yi wankan. Kada ku jira mu." Sannan na ɗaga hannu sama ina jira ya tafi. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan tsayuwa ba, ga mutum biyu a bayana, ga ruwa ko'ina, ga ni riƙe da hannu sama kamar mai roƙon ruwan sama. Da ta yi 'yar ƙarar da ke nuna saƙo ya tafi, na san na raba 'yan'uwa biyu da alkawarinsu da yatsana.

"Mi anka ce?" in ji Yafendo.

"Suna gaishe ki. Sun ce mu taho sannu."

"Muna amsawa."

Na zauna a gaban jirgi, ban ƙara taɓa gora ba. Da azahar Mamman ya tsaya a wani tudu muka yi salla. Na san a daidai lokacin ana ɗauke da Inna zuwa makwancinta, ni kuwa ina gindin giginya ina karkaɗe tururuwa daga tabarma. Yafendo ta kwance ƙullin fura ta dama mana. Na sha don kada ta tambaye ni abin da ya hana ni sha.

Ana kiran magariba muka hango fitilun Argungu. Mamman ya ce mu sauka gidansa, matarsa ta ba Yafendo ɗakinta, aka kawo mana tarwaɗa da tuwo. Ya tambaye ni ko a nemo direban shatar da na yi ta ambata. Na ce a bari sai da safe.

Rana ta uku: Argungu zuwa gida

Motar farko muka shiga, aka ba mu gidan gaba. Tun daga Argungu nake shirya yadda zan fara maganar, ina ginawa ina rushewa. Muka wuce shingen shekaranjiya, muka wuce Ambursa. Da na hango ruwan Zauro na san lokaci ya yi, don bai kamata ta tsinci labarin a bakin tabarmin 'yan zaman makoki ba.

"Yafendo," na ce, "jikin Inna fa, tun jiya..."

Ta ɗora hannunta a kan gwiwata.

"Bari, Babana. Na sani."

Na dube ta.

"Jiya tun sahe kana cin naman bawan Allah da hwaɗa, shi yi sauri, shi yi sauri. Abin ga na wuyanka yay yi kuka, kad daina. Kai da kar rantse ba ka kwana Argungu, sai ga ka kwance. Ni nig goye ka, yaushe ka taɓa yin haƙuri don kanka?"

"To mi yas sa ba ki ce komi ba?"

"In niy yi kuka cikin jirgi, wa za shi riƙe ka? Kai kana ɓoye mani, ni ina ɓoye maka, har Allah ya hid da mu ruwa." Sannan ta ce, "Wa yay yi mata wankan?"

"Rakiya. Ni nic ce kak a jira."

"Ka yi daidai. Da ka aje mani ita har yau, da ban yahe maka ba."

A nan kukan da na riƙe tun tsakiyar fadama ya ƙwace mini, a gaban direba da fasinjoji. Direban ya rage rediyo har muka shiga gari.

A Badariya an shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Bello ya taso ya riƙe ni, muka raka Yafendo cikin gida. Ta tsaya a ƙofar ɗakin Inna, gadon a gyare, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kira Rakiya, ta kwance bakin mayafinta. Ganyen ya yi yaushi, ya fara naɗewa. Ta zuba mata a tafin hannu, ta rufe da nata.

"Ki shanya shi inuwa, ki aje. Hannun da yaw wanke Yaya shi za shi wanke ni."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Mamman, wanda ya sha faɗan da bai ci ba kuma ya ba mu ɗaki, da direban da ban san sunansa ba. Na'urar na mayar da ita wurin aiki da saƙonnin a ciki, ban iya gogewa ba. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa Inna a addu'a, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ganyen yana nan cikin wani ɗan kwano a ɗakin Rakiya, Yafendo kuwa duk zuwanta sai ta buɗe ta duba.