Kyamarar da Baban Sito Ya Ɓoye

Shekara talatin da ɗaya Baban Sito ya yi yana riƙe da makullin ɗakin kayan aiki a makarantar koyon fim da talabijin ta gwamnati, kuma babu ɗalibi ɗaya da ya taɓa barin gabansa yana sa masa albarka.

Ya kama aiki tun makarantar tana ɗaki biyu, ana koyar da ɗaukar hoto da karanta labarai kawai. A gabansa aka buɗe sashen sauti, da na tace hoto, da na ba da umarni, har aka ɗora bene. Komai ya canza ban da shi. Kullum yana bayan 'yar taga, makullai a ƙugu, fuska a murtuke kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Ɗalibi ya kawo takardar malami, ya juya ta gaba da baya, ya ce sa hannun bai fito ba. In ya fito, ya ce a dawo gobe. In an dawo, ya miƙo tsohuwar kyamara mai tsagaggen murfi, ya bi ta da gori, wai 'yan zamani ko cokali aka ba su sai sun karya.

A ƙuryar siton kuwa akwai wata babbar kyamara da gwamnati ta sayo shekara goma sha biyu da suka wuce. Tun ranar da ta iso ya naɗe ta a bargo, ya kulle a akwatin ƙarfe. Ɗalibai sai dai su ga hotonta a littafi. Shi a ganinsa amana yake karewa, alhali mugunta ce tsagwaronta.

Shekarar da zai yi ritaya aka ba 'yan ajin ƙarshe aikin shirya fim a kan tarihin makarantar. Nan fa hankalinsa ya tashi, don ba abin da yake so kamar a ga fuskarsa a ciki, jikokinsa su san ya yi aiki. Sai dai mai ba da umarnin fim ɗin wata matar aure ce da ya taɓa yi wa yawo da hankali har lokacin miƙa aikinta ya wuce, ta maimaita shekara. Ta yi hira da malamai, da mai gadi, da mai shara, ta riƙa wuce tagarsa ko kallo babu.

Da ya ga abin na yi ne, sai ya haɗiye girman kai ya kira ta.

"'Yata, zan fito miki da babbar kyamarar. Ki ɗauke ni da ita, ni na san tarihin wurin nan."

"To Baba, fito da ita mu gani," in ji ta.

Ya buɗe akwatin a gaban ɗalibai yana hura hanci. Malamin ɗaukar hoto ya ɗaga gilashinta ya duba a haske, ya girgiza kai. Fumfuna ta cinye cikinsa, batir ya kumbura ya ƙi fita. Malamin ya ce kyamara iska da haske take so, da ana fita da ita ko sau ɗaya a mako da tana nan lafiya lau. Duk da haka matar ta sa Baban Sito ya zauna kusa da akwatin, aka ɗauke shi da tsohuwar kyamarar yana zuba labari har awa guda. Ya koma gida ransa fari.

Ranar nuna fim ɗin ya sha sabon ɗinki, ya zauna a layin gaba da matarsa da jikoki uku. Aka nuno mai gadi, aka nuno mai shara, kowa da fuskarsa da muryarsa. Can sai ga matacciyar kyamara a kan tebur, da wasu hannuwa biyu suna juya makullai. Ba fuska, ba murya, sai mai sharhi yana cewa aji goma sha biyu sun shiga sun fita ba su taɓa ta ba. Zauren ya kaure da dariya da tafi, don kowa ya gane makullan.

Ƙaramar jikarsa ta ja masa hannun riga.

"Kaka, yaushe za a nuno ka?"

Ya sunkuyar da kai. Matarsa ce ta amsa, idonta a kan allo.

"An riga an nuno shi."