Kaset ɗin Bikin Rauda

Kullum akwai biro soke a gefen ɗankwalin Gwaggo Tani, alhali kowa a danginmu ya san ba ta taɓa zama a ajin boko ba. Mutane sun ɗauka na sosa kitso ne. Ni ma haka na ɗauka, sai ranar da ya faɗo tana alwala na tsince shi, na ga babu tawada a ciki, kwanso ne kawai. Ban tambaye ta ba, don ni ba gwanar tambaya ba ce. Da la'asar sai na ga ta zare shi ta zura a idon kaset, ta ɗaga sama tana juyawa. Da shi take mayar da kaset baya, don kada rikoda ta cinye mata batir.

Gwaggo Tani yayar mahaifina ce. A Kusada take zaune, a gidan marigayi mijinta Malam Abdulbaƙi, wanda ya yi shekaru yana jan babbar mota yana kai hatsi Kano. Shi ya sayo mata rikodar, shekarar da ta haifi ɗanta na fari, don ta riƙa sauraren wa'azi. Ta saurari wa'azin, amma kuma ta gano amfanin jan madannin da ke gefe, na ɗaukar murya. Daga nan duk bikin da aka kira masu amada, a Kusada ne ko Yashe ko Sukuntuni, da rikodarta take zuwa a ƙarƙashin mayafi. Ana kifa ƙorai a kan ruwa, zabiya na gyara murya, ita kuma tana gyara zaman rikoda a cinyarta.

Ba ta zama kusa da zabiya. Tsakiyar mata take shigewa, inda ake ture-ture da tsegumi da rarrashin jarirai. An sha ba ta shawara ta matsa gaba don waƙa ta fita sosai, sai ta ce to, kuma ba ta matsa ba. A gefenta kullum akwai ƙawarta Hawwa'u, wadda suka taso tare tun suna tallan gyaɗa. Hawwa'u ce ke riƙe batiran canji a ƙulle a bakin zani, ita ce kuma gwanar guɗa a duk unguwar. An ce idan ta toshe hanci ta rangaɗa, har masu sayar da goro a bakin tasha sun san an fito da amarya. Shekara uku ke nan da rasuwar Hawwa'u.

Bayan biki kaset yakan zagaya gida-gida. Mai jego ta aiko a ba ta, wadda ciwon ƙafa ya hana zuwa ta aiko, har wadda ta je ɗin ma takan aiko don ta sake jin inda zabiya ta ambaci sunan babanta. Tun da Gwaggo ba ta rubutu, sai ta yanki ƙyallen ankon bikin ta manna a bayan kowane kaset. Suna nan sun haura sittin, a cikin kwalla a ƙarƙashin gadonta. Ta daina ɗauka tun da aka koma kiran masu kiɗan na'ura, amma ba ta daina saurare ba.

Bana da na gama jami'a na dawo Kankia ina jiran tafiya bautar ƙasa, sai na riƙa zuwa wurinta ina kwana biyu ko uku. A lokacin rikodar ta tsufa, ta fara tauna kaset. Wata safiya Gwaggo ta jawo kwallar ta ciro guda ɗaya mai koren ƙyalle.

"Rahma, an ce a garinku akwai mai zuba kaset cikin waya."

"Akwai, Gwaggo. Bishir, kusa da tasha."

"To kai mashi wannan. Shi ya fi gajiya cikinsu. In na sake sa shi a tsohuwar nan, ina tsoron ta cinye shi baki ɗaya."

Na bikin autarta Rauda ne, wanda Zabiya Haulatu 'yar Tafashiya ta yi wasa. Haulatu ta rasu ba ta taɓa shiga ɗakin ɗaukar waƙa ba, don haka na ƙudurta a raina cewa muryarta Gwaggo ke tsoron rasawa. Ban tambaya ba.

Bishir magidanci ne, ya yi shekaru yana sayar da kaset kafin ya koma tura wa mutane waƙoƙi a waya. Har yanzu yana da tsohuwar rikoda da ya haɗa da kwamfutarsa. Ya saurari minti ɗaya ya yamutsa fuska.

"Wannan ai kasuwa aka ɗauka, ba waƙa ba. Amma bar ni da shi, Malama. Akwai abin da zan sa, duk hayaniyar nan ta tafi."

Na ce, "Yawwa, ka gyara shi tas."

Bayan kwana biyu na koma. Ya ba ni memori, ya kuma ba ni kaset ɗin a leda, yana ba ni haƙuri. Da ya gama yana mayar da shi baya, zaren ya naɗe ya tsinke kusa da farko. Ya ce kada na damu, ai aiki ya riga ya shiga. Ya kunna mini, na ji muryar Haulatu ta fito ras, ƙorai na amsawa a bayanta, kamar a rediyo. Na hau mota zuwa Kusada ina jin daɗin kaina.

Na tarar da Gwaggo tana tsince wake a tsakar gida. Na sa memorin a wayarta na kunna. Ta ajiye faifan ta karkata kai. Waƙa ta fara kai tsaye daga baitin farko. Ta saurara har baiti na uku, sannan ta dube ni.

"Wa ya kori mutane?"

"Waɗanne mutane, Gwaggo?"

"Mutanen biki mana. Ina Hawwa'u? Kafin a fara kiɗa ai ta yi mani magana. A baiti na biyu kuma ta yi guɗa har sai da Haulatu ta yi dariya ta rasa amshi. Wannan Haulatu ce ita kaɗai a cikin rijiya."

Sai a lokacin na gane. Hawwa'u ba ta da hoto ko ɗaya, ba ta yarda a ɗauke ta. A sauran kaset-kaset akwai guɗarta, amma a wannan ne kaɗai ta yi magana kusa da rikoda. Nan take na kira Bishir na tambaye shi ko yana da wanda bai gyara ba. Ya ce ya goge, kwamfutar ta cika. Abin da ya rage kawai shi ne tsinkakken zaren da ke cikin leda.

Na faɗa mata, na kuma faɗa mata cewa ni na ce a gyara. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

"Ke da karatunki," in ji ta, "kin kai a wanke miya a bar ruwa. Tashi ki leƙa gidan Saudatu ki ce ta aro mani jan farce da reza sabuwa."

Da na dawo daga maƙwabta har ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tire, ta kwance kaset ɗin da bakin wuƙa. Ta jawo bakin zaren biyu. Wajen kamu ɗaya ya cukurkuɗe kamar an tauna rake. Da Bishir ne ya gani, cewa zai yi a yanke a zubar. Ita kuwa ta kwantar da shi a kan tiren ta riƙa bin sa da bayan cokali a hankali, tana miƙar da shi, tana hura masa iska. Ta fi rabin awa a kai. Inda ya yage sosai ne kawai ta yanke, bai kai gaɓar yatsa ba. Ta ɗiga jan farce kaɗan a baki ɗaya, ta ɗora ɗayan, ta danne da babban yatsa.

"Sau nawa kika taɓa yin haka?" na tambaya.

"Tambayi kwallar can. Babu wanda bai sha jan farce ba a cikinsu. Ni da ko sau ɗaya ban taɓa shafa shi a farcena ba."

Ba ta yarda a gwada a rikodarta ba. Washegari da safe ta yafa mayafi ta ce mu tafi Kankia tare. Bishir na ganin ta ya miƙe ya ba ta benci, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Kai ne mai korar baƙi daga bikin ɗiyata?"

"Hajiya, a yi haƙuri, gyara na yi."

"Wa ya ce maka ya lalace? Zauna ka sake. Ko tari wata ta yi, ka bar mata tarinta."

Ya sa kaset ɗin ya danna. Aka ji shuu, sannan ƙarar mayafi na goga rikoda, wani jariri na kuka daga nesa, wata na cigiyar takalminta. Da aka zo wurin ɗaurin sauti ya ɗan nutse ya dawo, sai ga murya kusa sosai, mai ɗan kaushi, tana cewa, "...kin danna kuwa? Kada ki yi mana irin ta Yashe, mu koma gida da kaset babu kowa ciki." Wata murya ta amsa, "Na danna, ke dai ki gyara maƙogwaro." Muryar Gwaggo ce, tun kafin tsufa ya taɓa ta.

Gwaggo ta yi murmushi, idonta a kan rikodar. "Da 'Tani' ta fara," in ji ta. "Shi ne ya tafi a wurin yankan. Ba komai, na san sunana."

A baiti na biyu guɗar ta tashi, doguwa, har wani mai gyaran babur a shago na gaba ya leƙo. Haulatu ta fashe da dariya a tsakiyar waƙa, 'yan amshi suka rikice, mata suka ɗauki shewa. Bishir ya kai hannu zai rage ƙara, Gwaggo ta buge hannun da gefen mayafinta. Shi ma sai ya yi dariya.

"Wallahi Hajiya, wannan muryar da ke cewa a matsa mata, kamar ta innata. 'Yar Kusada ce."

"Wa ce innarka?"

"Halimatu Sa'adiya, ta gidan masu ƙira."

"Ita ce. Kullum a makare take zuwa, kuma gaba take so. Tana nan da rai?"

"Tana nan, sai dai ido ya yi rauni."

"To ka zuba mata a waya ka kai mata. Kunne ai bai yi rauni ba."

Muka zauna har kaset ya ƙare, gaba da baya, ba a taɓa komai ba. Bishir ya sa a memorinta, ya sa a wayata, ya ce ta riƙa kawo sauran biyar-biyar. Ta ce uku-uku dai, kuma tana zaune za a yi.

A hanyar tasha ta tsaya wurin mai dusa, ta damƙi kaɗan ta shinshina, ta sa aka auna mata tiya biyu saboda awakinta, ta ɗora a ka muka wuce.