Koriyar Jaka a Cikin Taki

Gayaunata ba ta da girma. Tana bayan gari a Banga, daga mahaifiyata na gaje ta, kuma ita ke ba ni gero da wake ba tare da na roƙi kowa ba. Duk rani nakan tara shara da toka da kashin awaki a bayan ɗaki, in bazara ta kawo jiki a kwashe a mangala, jaki ya kai mata.

Tun rasuwar maigidana ni ke yin cefane da kaina. Wata ranar kasuwa a Ƙaura na tarar da wasu masu lasifika suna rabon koriyar jaka mai hoton ganye. Suka ce a daina karɓar leda, wannan in ta tsufa ƙasa za ta cinye ta, ta zama taki. Na shafa, na ji kamar yadi. Ni da leda kuwa ba ma ga maciji, don ta taɓa kashe mini tunkiya mai ciki. Na karɓi uku.

Jakar ba ta da ƙarko, wata biyu hannunta ya tsinke. Ni wannan ma daɗi ya yi mini. Na bi maƙwabta gida-gida ina karɓar nasu da suka yage, in sa almakashi in yanka ƙanana in zuba a juji, ina ganin duk unguwar babu mai wayona. Takin nan kaf aka watsa a gayauna, ruwa ya sauka, na yi shuka.

Bayan noman farko Inna, ƙanwar mahaifiyata, ta zo daga Zurmi ta same ni ina yankan na baɗi.

"Ke, mi kika yi da wagga jikka?"

"Taki ne, Inna. Ruɓewa take yi."

"Wa yac ce miki?"

Ta ɗauki ƙyalle ɗaya ta jefa a murhu. Ya nannaɗe, ya narke, ya ɗiga baƙi, wari ya cika madafa.

"Kin gani? Tufa toka yaka zama. Wagga leda ta, riga ɗai anka sa mata."

Kunya ta kama ni, sannan haushi. Ledar da nake tsinta ina zagi in iska ta kawo ta, ita na yanka da hannuna na kai wa ƙasar uwata.

Da aka cire amfani na koma da rariya da kwando. Rana ta riga ta gasa ƙyallayen, ina taɓawa suna marmashewa. Na tsugunna ina tankaɗe ƙasa kunya bayan kunya, masu wucewa a kan babur suna tambaya ko zinariya nake nema. Na ce su dai yi gaba.

Yayana ya ce in bari haka nan, ai gero bai ƙi fita ba. Na ce masa an ba ni ƙasar nan da tsabtarta, ba zan miƙa wa 'yata ita da datti ba.

Rani uku ke nan ina tankaɗe, na kusa rabi. Gwiwoyina sun fara ƙara in na miƙe. Na dai gaya wa 'yata, in Allah ya karɓi abinsa ban gama ba, daga gindin tsamiyar da ke cikin gayaunar zuwa gabas ne ya rage.