Kayen Awon Mijina

Mijina tela ne, shagonsa yana kusa da tashar Dogon Dutsi. Duk wanda ya taɓa yi wa ɗinki yana cikin wani kaye, littafin rubutu mai baƙin bango: suna, nimeron waya, sai awon kafaɗa da hannu da tsawo. Malaman lakkol ne, wato makarantar boko, da jandarmomi da matan ma'aikata, wasu har daga Sukukutane. Rabin ɗinkin nan ni nake yin sa a gida, amma shi aka sani.

Ya rasu cikin watan azumin tsofaffi. Ban yi kuka sosai ba. Abinci ma ci nake don an ajiye a gabana.

Ran kwana bakwai shugaban ƙungiyar teloli ya zo da mutum biyu, suka tsaya bayan labule. Da ya gama ta'aziyya ya ce, "Malama, kin san al'adarmu. In ɗan ƙungiya ya kwanta dama, mu ka riƙe mutanenai har iyali su hita takaba. Ɗinkin salla na tahe. Amana ta, maido miki za mu yi."

Na ɗauko kayen na miƙa ta gefen labule. Da ya ce in haɗa masa da keken ɗinkin ma, da na ba shi.

Daga baya matar ɗaya daga cikinsu ta gaya mini yadda aka yi. Hoton kowane shafi suka ɗauka suka zuba a zaurensu na Watsap, aka raba uku-uku kamar naman watanda.

Alkawari kam sun cika, ba zan yi musu ƙarya ba. Ranar da na fita takaba aka kawo mini kayen cikin leda, ko shafi ɗaya bai yage ba. Na share keke, na zuba masa mai, na zauna ina kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Da su nake sa ran ciyar da yaranmu huɗu. Kowa sai ya yi mini doguwar gaisuwa, sannan ya ce ya riga ya saba da wani. Wani malami a Dumega ya ce, "Ai cewa anka yi kin bar sana'a." Ban kai rabin kayen ba na daina kira.

Na je wurin shugaba. Ya ce kaye nawa ne kuma yana hannuna, mutane kuwa ba su da igiya a wuya. Na dawo gida. Ko haushi ban ji ba.

Saura kwana goma layya wayata ta yi ƙara. Muryar namiji ce da ban sani ba.

"Hajiya, tela na. Ni anka ba nimeronki cikin rabo. Ga awonki gabana, in kina da yadin salla in aiko a amsa."

Na buɗe kayen har shafin ƙarshe. Sunana ne a can, da rubutun mijina, awon da ya yi mini na rigar sallar bara.

Na ce masa ya bari, awon nan ya yi mini yawa yanzu.