Saƙon da Bakanike ya kawo

Ranar wata Asabar ce cikin watan Disamba, ƙarfe biyar saura kwata na yamma, a wani ƙaramin ɗakin sauya kaya da ke bayan wani gidan wasan kwaikwayo a Birmingham. Mu huɗu ne a ciki: ni, da wani dattijo Bakano, da 'yarsa, da wani Bature ɗan Ostireliya. Zaman bai kai minti goma ba, amma ba na jin zai fita daga raina muddin ina numfashi.

A lokacin ina karatu a Manchester, ina zaune a unguwar Rusholme. Kafin nan na yi shekaru ina fassara labarai a gidan rediyo, inda aka hore mu da doka guda: abin da aka faɗa shi za ka faɗa, ba ƙari ba ragi. Dalilin da ya sa aka haɗa ni da 'yar dattijon ke nan. Mahaifinta ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas a Birmingham, sai ciwon mantuwa ya kama shi, Turancin ya zube kaf, Hausa kaɗai ta rage masa. Ita kuwa a can aka haife ta, Hausarta ba ta da nisa. Duk Asabar nakan hau jirgin ƙasa in je gidansu a unguwar Erdington ta Birmingham in yi tafinta tsakanin uba da 'ya.

Matarsa ta rasu, amma shi bai riƙe hakan ba. Kullum da la'asar sai ya buɗe ƙofar gida ya tsaya a bakinta daga shi sai 'yar shara, yana jiran Hajiya ta dawo daga kasuwa. In an kulle, ya yi ta dukan ƙofar har hannunsa ya fashe. Sau biyu sanyi yana kwantar da shi a asibiti. Ma'aikaciyar council, wato ƙaramar hukuma, ta ce in aka yi na uku, gidan kula da tsofaffi za a kai shi.

"Uncle, can babu mai jin maganarsa," in ji 'yar. "Not one word. Shi kaɗai zai zama a cikin mutane."

Abu ɗaya ne yake zaunar da shi, wani wasan talabijin na Ostireliya da ya yi shekara da shekaru yana kallo tare da matarsa in ya taso daga aiki. A ciki akwai mai garejin gyaran mota, wanda yake kira Bakanike, yana kuma gaishe shi in ya fito. Mai fitowa a Bakaniken ya fara ne da ƙananan fitowa, ya zama jigon wasan, daga baya ya shiga cikin marubutansa. Da ya gaji, da hannunsa ya rubuta kashin da Bakanike ya mutu, ya koma bayan kyamara yana shirya nasa shirye-shiryen. Ranar da aka maimaita kashin mutuwar, dattijo ya yi kuka, ya sa aka yi sadaka.

Tsofaffin taurarin wasannin Ostireliya sukan zo Ingila lokacin Kirsimeti su yi wasan barkwanci na yara a dandamali. A shekarar, mutumin ya zo Birmingham. 'Yar ta rubuta masa wasiƙa tana roƙon minti biyar, ni ma na karanta ta kafin ta aika. Layi huɗu ce: mahaifina tsohon direba ne, ba shi da lafiya, yana ƙaunar wasanka. Babu zancen uwa, babu zancen ƙofa. Na ce mata ina tsoron a nuna wa dattijo mutumin da ya yi wa sadakar mutuwa. Ta ce zai yi murna ne.

Mun shiga tsakanin wasan rana da na yamma. Ɗakin babu taga, sai madubi mai fitilu kewaye da shi. Baturen yana zaune, tsoho ne sosai fiye da na talabijin, an shafe masa fuska da farar hoda fat, ya goge rabi ya bar rabi. Ya miƙe da fara'a ya ba da hannu. Dattijo bai karɓa ba. Ya dube shi daga sama har ƙasa, ya yi salati a hankali.

"Bakanike. Ashe ana barin mutum ya dawo?"

Na fassara yadda ya faɗa. Baturen ya yi dariya, ya ce a sana'arsu kam ana dawowa in masu kallo sun matsa. Na mayar da Hausa. Dattijo ko murmushi bai yi ba. Ya matsa kusa, ya kama hannun rigar mutumin, ya rage murya kamar mai tambayar hanya.

"Ka ga Hajiya a can?"

Wannan ne karo na farko da na ji ya sa ta cikin matattu. 'Yar ta riƙe baki. Na fassara kalma biyar ɗin nan, na ƙara cewa Hajiya matarsa ce, iyakar abin da na ƙara ke nan.

Fara'ar Baturen ta sauka daga rabin fuskar da aka goge, ɗaya rabin yana nan fari ba motsi. Ba dattijon yake kallo ba, madubi yake kallo, daidai inda babu kowa a bayanmu. Har na so in waiwaya. Da ya yi magana, muryar ba ta dandamali ba ce, ƙasa-ƙasa take, ba hawa ba sauka.

"Ka ce masa ta ce ya rufe ƙofar. Sanyi yana shigowa, kuma ba ta nan za ta zo ba."

Na san babu mai kawo saƙo daga kabari, na kuma san wanda ke gabana ya yi rayuwarsa yana sa wa mutane magana a baki. In na faɗa, na taya shi jingina wa mamaciya abin da ba ta ce ba. In na sauya, na ci amanar aikina. Dattijo ya juyo gare ni.

"Kai ɗan nan, me ya ce?"

Na ce, "Baba, ya ce ta ce ka rufe ƙofar. Sanyi yana shigowa, kuma ba ta nan za ta zo ba."

Ya saki rigar. Ya gyaɗa kai sau biyu, ya ce, "Ita ce. Faɗanta ke nan kullum." Sannan ya ce wa 'yarsa su tafi gida.

Na tsaya a baya na tambayi Baturen wa ya gaya masa zancen ƙofa. Ya ce wace ƙofa? Da na yi masa bayani, sai ya zauna. Ya ajiye audugar da yake goge fuska da ita.

"Shekara arba'in ina rubuta abin da mutane za su ce," in ji shi. "Wani layin kai kake nemo shi. Wani kuwa ji kawai kake yi, ka rubuta."

A jirgin komawa Manchester na yi ta neman bayani. Wataƙila ya ga tabon da ke hannun dattijon. Wataƙila duk tsohon da aka bari ƙofa yake kallo, marubuci kuma ya san haka. Ban kore ko ɗaya ba, ban kuma gamsu da ko ɗaya ba. Na tambayi wani malami a masallacinmu, ya ce gaibu sai Allah, amma sauƙi ta inda Ya so yake turo shi.

Na shiga ɗakin nan ina ganin tafinta shi ne mai riƙe da ma'anar zance. Na fito na san ɗan aike ne kawai, ba lalle ya san inda saƙo ya fito ba, kuma ba huruminsa ba ne ya tsare shi a hanya don bai gane shi ba.

Dattijo bai sake tsayawa a bakin ƙofa ba. Council ba ta ɗauke shi ba. Ya rasu a ɗakinsa a Erdington bayan shekara guda da 'yan watanni, 'yarsa tana gefensa.