Bangon da ke Bayan Gwaggo

Lokacin da nake sana'ar hoto a Haɗeja, a gindin randa nake ajiye fim, cikin gwangwanin madara da na binne a jiƙaƙƙen yashi. Zafin garinmu ba ya raga wa fim. Ka bar shi a shago, fuskokin mutane su fito kamar an shafa musu manja. Iri biyu nake ajiyewa. Mai lamba ɗari na rana ne, da shi nake ɗaukar 'yan makaranta da masu sabon babur. Mai ɗari huɗu kuwa na duhu ne, hotonsa kamar an yayyafa masa yashi, ba na taɓa shi sai dole.

Wata damina kogi ya cika ya batse, babana ya aike ni ƙauyenmu da ke bayan Kirikasamma in taho da yayarsa. Mutanen unguwa duk sun kwashe sun koma tudu, Gwaggo ita kaɗai ta kafe a gida. Saƙon da ta aiko shi ya tayar mini da hankali: wai in zan zo, in zo da abin hotona. Matar nan ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba. A wajenmu kuma, in tsoho ya nemi hoto da bakinsa, ba a murna.

Gari ya waye da hadari baƙi ƙirin ta gabas. Na tono gwangwani na ɗauki mai ɗari huɗu.

A kwalekwale muka ƙarasa, muna kutsawa cikin ciyawar kacala, muna bi ta kan gonakin shinkafa da ko ganye ba a gani. Ƙauyen ba kaza ba akuya, sai kukan kwaɗi da rana tsaka. Na tarar Gwaggo ta ci ado, har da kwalli. Na ce ta fito tsakar gida inda da ɗan haske, ta ce ita ba shanya ba ce. A ɗakinta za a ɗauke ta, gaban jeren kwallayenta. Na ɗauko filasha, ta ce in mayar, walƙiyar Allah ma ta ishe ta. Haushi ya kama ni, da ma ni da Gwaggo ba ma rabuwa ba mu taɓa ba. Ɗakin duhu, da ƙyar nake ganin farin idonta. Na kifa turmi na ɗora kyamara don kada ta motsa, na buɗe idon kyamarar gaba ɗaya, na ce Gwaggo ta riƙe numfashi.

Da na gama na ce ta ɗauko kayanta mu tafi. Sai ta yi dariya.

"Ɗan nan, bangon nan mijina ya gina shi, ruwa nawa ya gani? Je ka wanke ka kawo mini. In na yi kyau, sai in bi ka."

Na yi magiya, na yi faɗa, ko gezau. Mai kwalekwale yana ta kira, iska ta fara kaɗawa. Na fito na bar ta, tsoro nake ji ƙwarai.

Wankin hoto mai kala sai Kano, hanya kuma ruwa ya cinye ta. Kafin fim ya je ya dawo, bangon ya faɗo mata. A tudu muka binne ta.

Mai ɗari huɗu bai ba ni kunya ba. Gwaggo ta fito ras, har zanen kwallayenta ana gani. Ya kuma ɗauko abin da idona bai kama ba a duhun nan. A bayanta danshi ya hau bango ya wuce kafaɗarta, ga tsaga ta taso daga ƙasa har saman ɗankwalinta.

Babana ya daɗe yana kallon hoton. Can ya sa babban yatsa ya rufe tsagar, ya ce ta yi kyau.