Wayar da Na Saya wa Inna

Duk wanda ya san ni a Kaduna ya san ciwona, waya. Sabuwa ba ta fitowa ban je shago na riƙe ta a hannu ba, ko da ba ni da niyyar saye. In juya ta, in ji nauyinta a tafin hannu, in duba idanun kyamarar nan da ake jera musu a baya kamar duwatsun murhu, in ce wannan ta cika kauri, waccan kuma santsi gare ta, mai gumin hannu ba zai daɗe da ita ba. Abokan aikina ba sa sayen waya sai sun tambaye ni. Matata cewa take ko asibiti aka kwantar da ni, kafin in tambayi likita sai na tambayi inda ake caji. Amma kwanakin nan in na zauna da waya a hannu, hankalina ba ya kanta, yana can bakin murhun Kaka Tabawa.

Ƙauyenmu yana can bayan Damari, inda gonaki suke ƙarewa daji ya fara. A lokacin dajin wurin itace ne da zuma da ɗinya, ba mu san shi da wani abu ba. Da an idar da sallar isha'i, an suɗe kwanon tuwo, sai mu jikoki mu kewaye murhun Kaka. Tana zaune a kan 'yar kujerar tsugunno, ta miƙe ƙafa ɗaya saboda ciwon gwiwa, tana juya masara ko rogo a bakin wuta. Ni take kira maigida, kuma ni na fi shan faɗa, don ba na iya zama wuri ɗaya. Sai in zaro karan dawa daga wuta in yi ta wulwula shi a sama, ina kallon jan zaren hasken da yake zanawa a cikin duhu.

"Maigida, ƙaya ce a mazauninka?" in ji ta. "Ajiye karan nan kafin ka ƙona mini ɗaki in rasa inda zan ajiye ka."

Sai ta gyara murya ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata."

Mu haɗa baki mu ce, "Ta ƙaraso, mun share wuri."

Akwai wadda ta fi maimaita mana, ina jin saboda ni. Wai an yi wani gari da aka kwana ana ruwa, gari ya waye babu murhu ɗaya da ke da rai. Ba tuwo, ba koko, jarirai sai kuka. Sai aka tashi wa da ƙanwa su ratsa daji su ɗebo wuta a garin da ke ƙetare. Suka isa da almuru. Wan, wanda ɗan kwalisa ne, ya ɗaure ƙaton damin busasshiyar ciyawa a kan sanda ya cinna masa wuta, harshenta har ya fi shi tsawo. Mutanen garin suka fito suna kallo, 'yan mata suna guɗa. Ƙanwar kuwa garwashi ɗaya ta roƙa, ta sa a tsingaro, ta rufe da toka, ta rungume a ƙirji. Wan ya yi mata dariya, ya ce ina amfanin wutar da ba a gani, ya wuce ya bar ta tana laluben hanya da ƙafa.

A nan Kaka take rage murya, mu kuma mu matso har gwiwoyinmu su ji zafin murhu.

"Shi mai riƙe da haske, 'yan nan, gabansa kawai yake gani. Amma shi, duk abin da ke cikin daji yana ganinsa."

Kura ta hango shi tun daga nesa ta biyo shi. Ya yi gudu, iska ta ƙara hura ciyawar ta cinye, ya ɗare bishiya da guntun sanda a hannu. Ƙanwar ta zo ta wuce ta gefen kurar a cikin duhu, ba ta sani ba, kurar ma ba ta sani ba. Da asuba ta isa gida ta tone toka, aka hura, gari ya ci tuwo. Shi kuwa wan, Kaka ba ta taɓa tsayawa a kan magana ɗaya ba. Ranar da na yi ƙiriniya, kura ta cinye shi. Ranar da na ɗebo mata ruwa, yana nan kan bishiya har yanzu yana jiran gari ya waye. Ni dai ko yaya ta ƙare, bayan wan nake bi, har in ce mata ai shi aka yi wa guɗa. Sai ta ce, "To, maigida, ka ci guɗa ka ƙoshi," ta ja toka ta binne sauran garwashinta, ta kore mu mu kwanta.

Kaka ta riski zuwan waya ƙauyenmu, irin ƙananan nan masu tocila a ka da ake wa laƙabi da raka-ni-kashi. Har yau ina kewar su, ko da yake ba na faɗa a gaban masu ɗaukata gwani. Madannansu yatsa yana gane su ko a cikin aljihu. In ta faɗi ƙasa ta tarwatse, murfi can, batir can, ka tsince ka haɗa ta ci gaba da aiki. A kai ta caji ranar kasuwa, ta kai wata kasuwar. Kaka ba ta damu da maganar da ake yi a ciki ba, tocilar kawai take ara ta nemi allurarta.

Allah ya yi mata rasuwa kafin daji ya juya mana baya. Da abin ya fara, mutanenmu suka koyi wata dabara da ba wanda ya koya musu. In aka ji rugugin babura da yawa da dare, ba a tsayawa neman inda ake kashe waya. A sa farce a ɓalle murfi, a zare batir, a faɗa cikin dawa ko rafi. Ko tsohuwa tana yin haka a guje, ba tare da ta duba ba.

Mahaifiyata, Inna, ta ƙi barin ƙauyen. Na roƙa, na yi fushi, na tura kawunnai, ta ce gonarta da awakinta da kabarin mijinta ba za su shiga mota ba. Tun da haka ne, na ce, aƙalla in riƙa ganin fuskarta ta waya. Kuma gaskiya abin yana yi mini ciwo, a ce uwar mai zaɓa wa mutane waya tana riƙe da wadda aka ɗaure da roba. Na zaɓo mata siririya, mai faɗin fuska, mai hasken da ko a tsakar rana ana gani tar. Na ƙara mata girman rubutu. Saboda kunnenta ya fara nauyi, na saita fitilar baya ta riƙa walƙiya duk lokacin da aka kira. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar.

Ta juya ta, ta bi gefenta da farce, ta ce, "Sanusi, ta ina ake ɓalle ta?"

Na yi dariya na ce, "Inna, na yanzu ba a ɓalle su. A haɗe suke."

"Ikon Allah," in ji ta, ta ƙulle ta a bakin zani.

Cikin daminar da ta wuce, wani dare, saƙo ya shigo zauren 'yan garinmu na waya cewa an ga babura sun nufi wajenmu. Na kira Inna. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira. Na tashi, na zauna, na fita tsakar gida ba takalmi, na dawo, ina ta dannawa. Matata ta ce in yi alwala in yi addu'a, na yi, ina sallamewa na sake kira. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, kuma a ganina muddin tana ƙara, to akwai sauran zare tsakanina da uwata. Haka na kwana.

Da hantsi wata baƙuwar lamba ta shigo. Malam Buba ne, makiyayin da rugarsu take kusa da gonarmu, wanda shi ma da iyalinsa a rafi suka kwana. Ya ce, "Ga Innarka," ya miƙa mata 'yar ƙaramar wayarsa.

"Inna! Kina lafiya? Me ya sa ba ki ɗauka ba?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Sun kwashi awaki, ba su samu kowa ba." Sai ta ƙara da cewa, "Ashe kai ne jiya?"

"Ni ne, Inna."

"Ai na ce. Muna kwance cikin dawa da matan gidan Liman da 'ya'yansu, muna jin maganar mutanen nan a bakin gona, sai abin nan ya hau walƙiya. Na danne da zani, hasken ya fito ta zanin. Na nemi inda zan ɓalle, babu. In ta yi shiru in ce Allah na gode, sai ta sake. Da ƙyar na lallaɓa na cusa ta cikin ramin suri na toshe da ɗankwali."

Na fara ba ta haƙuri. Sai ta ce, "Kai, bar damuwa, ai ba ka sani ba. Tana can, in gara ba ta ci ba sai ka zo ka ɗauki abarka. Ka dai aiko mini da irin ta dā."

Na aika mata washegari, baƙa, mummuna, mai murfin da ko yaro zai ɓalle.

Shekara da shekaru na ɗauka tatsuniyar Kaka a kan ɗan kwalisa take, mai son a gani. Yanzu ina ganin ƙanwar ce ta sha wuya. Tana tafe cikin duhu ba ta ganin komai, ba ta ma da tabbacin garwashin yana raye, kuma duk son da take yi ta leƙa, dole ta bar shi a rufe. Wannan haƙurin ne ba ni da shi tun ina yaro, kuma babu wayar da aka ƙera da za ta ba ni. Kullum ƙara musu haske ake yi da saurin amsawa, ka ɗaga ta ta farka, ka taɓa ta ta kira.

Ɗazu bayan isha'i saƙo ya sake shigowa zauren, wai an ji babura ta wajen rafi. Ba wanda ya tabbatar. Na san wayar Inna ƙarama ce yanzu, na san farcenta ya san hanya. Amma ban san ko ta samu zarafin zare batirin ba, ban san ko tana ɗaki ko tana cikin dawa ba. Lambarta tana nan a buɗe a gabana, yatsana yana kai wa yana dawowa. Matata ta leƙo ta ce, "Ba za ka kira ba?"

Na kife wayar a kan tabarma na ce, "Sai ta kira."